Nur Jahan: wai mace ɗaya ce ta rera duk waƙoƙin nan?

Mai Caji, ƙauyen Gumel:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da shagon caji da tura waƙoƙi, kuma dattawa masu son tsofaffin waƙoƙin Indiya suna yawan tambayar na wata mata mai suna Nur Jahan. A memorin da nake turawa daga ciki akwai waƙoƙinta sun kai tamanin, duk a jaka ɗaya. Matsalar ita ce muryar ba ɗaya ba ce. A wasu siririya ce kamar ta 'yar makaranta, a wasu kuma ƙatuwar murya ce mai cika kunne, da ganga a bayanta kamar ta bikin kamun amarya. A bidiyon ma fuskokin sun bambanta, na ƙirga mata sun fi shida. Musu ya kaure a majalisa: wasu sun ce mata biyu ne masu suna ɗaya, wani ya ce uwa ce da 'yarta, wani kuma ya rantse ba ma 'yar Indiya ba ce. Don Allah masana a warware mana, a kuma nuna mini yadda zan raba waƙoƙin kashi-kashi.

Malam Na-Ringim:

Wa alaikumus salam ƙanena. Mace ɗaya ce. Wanda ya ce ba 'yar Indiya ba ce yana da rabin gaskiya, domin lokacin da aka haife ta babu ƙasar da ake kira Pakistan.

An haife ta ranar 21 ga Satumba 1926 a Kasur, gari ne a yankin Panjab, kimanin kilomita 50 kudu da Lahor. Sunan yanka Allah Wasai. Gidansu gidan mawaƙa ne, kamar yadda a nan za ka ce gidan makaɗa, sana'a ce ta gado. Tana ƙarama aka kai ta Kalkata tare da yayyenta mata, a can ta fara hawa dandamali da fitowa a fim tun wajen 1935, ana kiran ta Bebi Nur Jahan. Idan za ka nema a intanet ka rubuta Noor Jehan, haka suke rubuta shi.

Ka raba aikinta gida uku, ka huta.

Na farko daga 1935 zuwa 1947, kafin a raba ƙasa. A wannan zamanin galibi jaruma ita ke rera waƙarta da bakinta, don haka fuskar da ka gani da muryar da ka ji duk nata ne. Ta dawo Lahor ta yi finafinan Panjabi a kamfanin Pancholi, inda mai tsara kiɗa Ghulam Haidar ya fito da ita a Gul Bakawli na 1939. Khandan na 1942 shi ne ya mayar da ita babbar jaruma a fim ɗin Urdu, kuma daraktansa Shaukat Husain Rizvi shi ta aura. Suka koma Bombay. A can ta yi Anmol Ghadi a 1946, kiɗan Naushad, da Jugnu a 1947 tare da Dilip Kumar, lokacin shi bai gama yin suna ba, ita ce babba a fim ɗin. Waɗannan kaɗai ne za ka iya kira waƙoƙin Indiya ba a ƙaryata ka ba.

A watan Agusta 1947 Turawan Ingila suka raba ƙasar biyu. Da yawa daga Musulmin da ke harkar fim sun yi zamansu a Bombay, irin su Dilip Kumar da Naushad da Muhammad Rafi. Ita da mijinta suka tattara suka koma Pakistan. A kasuwance wannan kamar mutum ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ne ya koma kasuwar ƙauye, domin Lahor a lokacin masu kuɗin fim sun gudu, ɗakunan ɗauka sun lalace a rikici. Su suka kafa sitidiyon Shahnur, sunan ma haɗin sunayensu ne. Kashi na biyu ke nan, 1951 zuwa 1961: ta dawo da Chan We na Panjabi a 1951, wanda da shi ake lissafa ta mace ta farko da ta ba da umarnin fim a Pakistan, sai Dupatta 1952, Intezar 1956, Koel 1959. Fim goma sha wani abu ne gaba ɗaya, na ƙarshe shi ne Ghalib a 1961.

Kashi na uku shi ne ya rikita majalisarku. Aurenta na fari ya mutu, ta auri jarumi Ijaz Durrani a 1959, ta bar fitowa a fim, ta koma rera waƙa a bayan fage kawai, wasu matan na yin mamin a kai, wato motsa baki kamar su ke rerawa. Ta yi wannan aikin daga wajen 1960 har tsakiyar shekarun 1990. Fuskokin da ka ƙirga su ne jarumai irin su Shamim Ara, Zeba, Rani, Firdaus, har zuwa Anjuman wadda Nur Jahan ta girme ta da kusan shekara talatin. A ganina nan ne dabarar take. Jaruma a masana'antarsu shekara goma zuwa sha biyar take yi a gaban kyamara a ce ta tsufa. Murya kuwa ba a ganin furfurarta. Da fitowa a fim kaɗai ta tsaya a kai, da tun 1961 an rufe littafinta, sai ga shi ta ƙara shekara talatin da biyar.

Abu biyu suka ƙara ɗaga ta. Yaƙin Indiya da Pakistan na Satumba 1965, ta riƙa zuwa gidan Rediyo Pakistan na Lahor tana rera waƙoƙin ƙarfafa sojoji, shi ya sa a can ba a ɗaukar ta mawaƙiyar fim kawai. Bayan yaƙin kuma aka hana nuna finafinan Indiya a sinimomin Pakistan, kasuwa ta zama ta 'yan gida. Laƙabinta Malika-e-Tarannum, wato sarauniyar daɗin murya, a sitidiyo kuwa Madam kawai ake cewa kowa ya san wa ake nufi. Ta rasu a Karachi ranar 23 ga Disamba 2000, cikin goman ƙarshe na azumi.

Hajiya Ta-Dambatta:

Malam ya kawo tarihi daidai, amma kada yaron nan ya tafi da cewa duk muryar mace da ya ji a fim ɗin Pakistan tata ce. Masu haɗa memori suna zuba komai a ƙarƙashin sunan da ya fi sayuwa. A shekarun 1950 Zubaida Khanum ce ke riƙe da waƙar bayan fage a Panjabi. Nasim Begum, wadda ta rasu a 1971, salonta ya yi kama da na Madam har ana ce mata Nur Jahan ta biyu, ita ce ta fi rikita kunne. Akwai Mala a shekarun 1960, akwai Runa Laila wadda ta koma Bangaladesh a 1974, sai Nahid Akhtar da Mehnaz daga tsakiyar shekarun 1970. Cikin tamanin ɗinka, ɗana, ba zan yi mamaki ba idan goma ba nata ba ne.

Haka kuma waƙoƙin Lata Mangeshkar na farko-farko, wajen 1948 da 1949, suna shiga ciki, domin a lokacin salon Nur Jahan take bi, kuma Ghulam Haidar ɗin da ya fito da Nur Jahan shi ya buɗe wa Lata ƙofa.

Injiniya Wudil:

Bari in ɗauki ɓangaren murya, tunda shi ne asalin tambayar. Dalili huɗu ne suka haɗu, kuma biyu daga ciki ba daga maƙogwaronta suke ba.

Shekaru dai kowa ya sani. A 1946 tana da shekara ashirin, a 1981 tana da hamsin da biyar. Muryar mace tana yin ƙasa tana kauri idan girma ya zo.

Na biyu na'urar ɗauka. Waƙoƙin kafin 1950 da kake ji mafi yawansu daga faifan garmaho aka kwafo su, mai juyi 78 a minti, faɗinsa inci 10, fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Wannan faifan yana yanke ƙasan murya, yana yanke can samanta, tsakiyar kawai yake bari. Ko Shata ka ɗauka da shi sai ka ji ya rame. Shi ya sa ma duk waƙar da ka ga tsawonta minti 3 da daƙiƙa kaɗan, tana kuma shuu kamar ana suya, kusan tabbas ta kashin farko ce ko farkon na biyu. Sau da yawa sau biyu ake ɗaukar waƙa ɗaya, ɗaya ta cikin fim, ɗaya gajera ta faifai, don haka idan ka samu biyu masu bambancin baiti kada ka goge ɗaya.

Yadda ake aikin waƙar bayan fage kuwa, tun da aka fara shi a Kalkata a 1935, tsarin bai canza sosai ba har zuwa shekarun 1980. Darakta ya faɗi wurin da waƙar za ta shiga a labari. Mai tsara kiɗa ya zauna da hamoniya, wato akwatin kiɗa mai zugazugi da ake bugawa da hannu ɗaya ana zuga shi da ɗayan, ya fitar da kari. Marubuci ya ɗora kalmomi a kan karin. Ginin waƙar amshi ne, su suna ce masa mukhra ko astai, da baiti biyu ko uku da suke kira antara, tsakaninsu kiɗa zalla. Sai a kira mawaƙiya a gwada mata, a nemo maɓallin da muryarta ta zauna a kai. Ita kuma ta rubuta kalmomin da hannunta ta sa alama a inda za ta ja numfashi.

Ranar ɗauka kowa yana ɗaki ɗaya: masu goge irin na Turawa a jere, mai tabla da mai dolak, wato gangunansu, mai sarewa, mai sarangi, wato gogensu na gargajiya, 'yan amshi, da ita. Makirufo kaɗan ne, duk sautin yana haɗuwa ya zama layi ɗaya a take. Babu gyara daga baya. Mai sarewa ya kuskure a baiti na uku, a koma farko, kowa da kowa. Ƙarar kowane kayan kiɗa da tazara ake daidaita ta: mai ganga a tura shi can baya, mai sarangi a matso da shi. Mawaƙiya mai ƙarfin murya irin tata, idan za ta hau sama dole ta ja kanta baya daga makirufo, in ba haka ba allurar ma'aunin ƙara ta wuce ja, sautin ya fashe, kuma fashewar ta zauna ke nan har abada. Kana iya jin wannan fashewar a wasu waƙoƙinta na Panjabi. Wanda ya iya rera waƙar minti biyar daga farko zuwa ƙarshe a gaban makaɗa talatin da ake biya kuɗin zama, shi furodusa zai sake kira, don duk maimaici kuɗi ne.

Bayan nan sai a kai waƙar wurin ɗaukar hoto, a sake ta a lasifika, jaruma ta yi mamin, layi-layi ake ɗauka. Abin da ke ɓata aiki a nan biyu ne. Idan gudun na'urar da ke sakin waƙar bai yi daidai da gudun kyamara ba, farkon layi zai hau, ƙarshensa baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Ka lura da haruffan da leɓe ke rufewa a kansu, ba da ma da pa, a nan asiri ke tonuwa. Sannan jarumar da ke motsa baki kawai ba ta fitar da murya, wuyanta ba ya motsi, kafaɗarta ba ta ɗaga numfashi, mai kallo sai ya ji abin bai shige shi ba ko da bai san dalili ba. Masu yin mamin a finafinanmu na Hausa wannan kuskuren suke yi har gobe.

Na uku, kuma wannan za ka iya gyarawa da kanka: fim na sinima hoto 24 yake gudu a daƙiƙa, bidiyo irin namu da na Pakistan kuma 25. Da aka mayar da finafinan kan kaset ɗin bidiyo da faifan sidi, sai kawai aka ƙara musu gudu. Ƙarin ya kai kashi 4 cikin ɗari, yana ɗaga murya kusan kashi biyu cikin uku na tazarar maɓalli ɗaya. Waƙar da asalinta minti 3 da daƙiƙa 28 ce sai ta dawo minti 3 da daƙiƙa 20, muryar ta ƙara sirancewa. Idan kana da kwamfuta, ka buɗe waƙar a manhajar Audacity, kyauta ce, ka shiga wurin canza gudu ka rage kashi 4. Gudu za ka taɓa, kada ka taɓa wurin canza kaifin murya shi kaɗai, domin shi zai sauke muryar ya bar kiɗan yana sauri, kuma yana sa sautin rawa. Wanda aka kwafo daga kaset ɗin rediyo kuma babu ƙa'ida, ya danganta da lafiyar bel da batirin rediyon da aka kwafa da shi.

Na huɗu salo ne, na bar wa Hajiya, ta fi ni kunne.

Hajiya Ta-Dambatta:

To Injiniya. Salon yana bin harshe ne, harshen kuma yana bin kasuwa.

Waƙar Urdu ta fim ɗin Lahor daga gazal ta samo tushe, wato rubutacciyar waƙar begensu, waƙar zaure ce, a zaune ake jin ta, kalma ita ce gaba. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne waƙen Faiz Ahmad Faiz da ta rera a fim ɗin Qaidi na 1962 da kiɗan Rashid Attre. A irin wannan za ka ji tana jan murya daga wani mataki zuwa wani ba tare da ta yanke ba, suna kiran sa mind, da kuma ɗan murɗa murya cikin sauri a ƙarshen kalma, shi ne murki. Murkin nan shi ne hatiminta. Masu kwaikwayonta suna yin sa, amma za ka ji sun shirya masa, suna rage gudu kafin su kai wurin. Ita faɗo mata yake yi a tsakiyar layi ta wuce abinta.

Waƙar Panjabi kuwa ta fili ce, ta manoma da biki, da buɗaɗɗen maƙogwaro ake yin ta daga ƙirji, dole murya ta haye kan ganga. Daga ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin Janar Ziya'ul Haƙ a Pakistan, dokokin tace fim suka tsananta, bidiyo ya shiga gidaje da finafinan Indiya, masu hali suka daina zuwa sinima. Finafinan Urdu suka ja baya, na Panjabi masu faɗa da sanda da gatari suka cika kasuwa, musamman bayan Maula Jatt na 1979. Jarumi Sultan Rahi da Anjuman a gaba, muryar Madam a baya, fim bayan fim. Shi ya sa waƙoƙinta na fim na Panjabi suka fi na Urdu yawa. Gaskiya ba duka ne masu kyau ba, akwai na haya da yawa, kalmomin wasu ma ba na sakawa a gaban surukai ba ne, ka kula da abin da kake tura wa dattawa. Amma Hir Ranjha na 1970, kiɗan Khwaja Khurshid Anwar, Panjabi ne kuma yana cikin mafi kyawun abin da ta yi.

Raba harsunan ba wuya ko ba ka jin ko ɗaya. Inda Hausa ke cewa na ko ta, Urdu na cewa ka, ki, ke, Panjabi na cewa da, di, de. Inda Hausa ke cewa a ciki, Urdu na cewa me da ɗan hanci, Panjabi na cewa wic. Idan ka ji nu a bayan suna, ko mace na kiran namiji da we, ko ana ta maimaita mahi da can, Panjabi ne. Urdu kuma cike yake da kalmomin da kunnen ɗan makarantar allo ya sani: duniya, muhabbat, ƙismat, sabar, khabar. Haruffan ƙaf da kha da gain ana fitar da su daga makhrajinsu kamar a tajwidi, kuma a nan ake gane mawaƙin da ya sha horo, don mutanen Panjab a maganarsu ta yau da kullum ƙaf ɗin kaf suke mayar da shi. Wani abin sha'awa, Panjabi yana da karin sauti kamar Hausa, hawa da saukar murya na canza ma'anar kalma.

Kiɗan ma yana taimakawa. Ka tafa hannu ka ƙirga: zagaye mai bugu 8 shi ne kaharwa, mai 6 dadra, su biyun nan suka ɗauke mafi yawan waƙoƙin fim. Idan tabla ce ke riƙe da shi a hankali, ka fi kusa da Urdu. Idan dolak ne ko babbar ganga suna tsalle, da amsa-kuwwa mai yawa a kan murya da ƙarar piyano na lantarki, ka sa shi a shekarun 1980 kai tsaye.

Abin da ya riƙe muryar tsawon shekara sittin kuwa horon yarinta ne. A tsarinsu yaro yana fara wa da asuba, da tambura, wato wani irin molo mai tsirkiya huɗu, tana ba shi sauti ɗaya, ya daɗe a kan mataki mafi ƙasa na muryarsa kafin a bar shi ya hau. Matakan bakwai ne, sa re ga ma pa da ni. Mace galibi tana ɗora sa ɗinta a baƙin maɓalli na huɗu ko na biyar na hamoniya, namiji a na ɗaya ko na biyu. Inda ake kashe muryar mata, a can da nan Kano duka, shi ne waƙar mace da namiji da aka gina kiɗanta a kan maɓallin namijin. Sai macen ta rasa wurin tsayawa, ko ta nutse ƙasa ba a jin ta, ko ta haye sama da muryar hanci. A haka murya ke dushewa.

Mai Caji, ƙauyen Gumel:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Injiniya. Yanzu na gane. Saura abu ɗaya: na gwada na'urar piyano ta waya a kan wata tsohuwar waƙa, sautin bai zauna a kan kowane maɓalli ba, yana tsakani. Wannan na nufin sai na rage kashi huɗun? Kuma wane girma zan ajiye su, don memorin mutanenmu yawanci ƙanana ne.

Injiniya Wudil:

A'a ƙanena, kada ka yi saurin ragewa. Hamoniyar wancan zamanin ba lallai ta yi daidai da piyanon wayarka ba, kuma garmahon da aka kwafo faifan da shi yana iya yin sauri ko nawa. Ragin kashi 4 na waƙar da ka tabbatar daga bidiyon fim aka ciro ta ne kawai. Alamarta, za ka ji maganar 'yan wasa ko ƙarar tafiya a farko ko ƙarshe, kuma babu shuu ɗin allura. Mai shuu ka bar ta yadda take. Kada kuma ka matsa wa na'urar cire shuu, tana cinye harafin sa da sha, muryar ta koma kamar daga cikin randa.

Girma kuwa, MP3 mai lamba 128 ya isa, yana cin kusan megabayit 1 a minti, wato gig ɗaya zai ɗauki waƙa wajen 250 masu minti huɗu. Tsofaffin layi ɗaya ne, ko 96 ka sa ba za a ji bambanci a rediyo mai memori ba. Mayar da ƙaramin fayil zuwa 320 ba ya dawo da abin da ya ɓata, wuri kawai yake ci. Ka ajiye na asali a jaka daban, ka yi gyara a kan kwafi. Idan bidiyo za ka karɓo ta WhatsApp, ka ce a turo shi a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse shi. Sunan fayil kuma ka fara da shekara, sannan U ko P na harshe, sannan sunan fim, domin ƙananan rediyoyin nan lamba kawai suke nunawa, kuma da yawansu suna bin jerin da aka zuba waƙoƙin ne, don haka ka tura jakar 1940 ta gama shiga kafin ka tura ta 1950.